Turken Ƙarfe a Maama Giri

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa teku, Zulfa tana madafa tana tace romon kifi, mijinta Nizar yana tsakar gida yana ɗauraye kayan nutso da ruwan rijiya, yana rataye su a igiyar shanya. 'Yarsu Nashfa tana zaune a kan lilon katako, gashinta bai gama bushewa ba. Ladan ya gyara murya ke nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Nizar ya ɗauka kwakwa ce. Na biyu ya sauka, na uku ya gangaro ya faɗi kusa da ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Guntun murjani ne, jiƙe sharkaf, da santsinsa da ƙarninsa, irin wanda ba a samu a bakin gaɓa sai a ƙarƙashin ruwa. Ya leƙa waje, titin yashi fayau, ko kyanwa babu.

"Bappan Nashfa, mene ne?" in ji Zulfa daga bakin madafa, don a wajenmu Bappa ake ce wa uba.

"Ba komai," ya ce, ya jefa dutsen bayan tulu. Da ya waiwayo sai ya ga lilon ya tsaya cak. Nashfa tana kallon bango, tana jan numfashi ta baki a hankali, doguwar shaƙa da doguwar fitarwa, yadda mutum ke yi idan bututun iska na bakinsa.

Sai na koma baya kaɗan. Tsibirinmu yana kudancin Maldives, a bakin wata mashiga inda ruwa ke ja da ƙarfin tsiya. Gwanayen nutso suna son haka. Amma waɗanda suka karɓi katin shaidar iya nutso jiya jiya, idan suka zauna zaɓen tsibirin da za su fara zuwa, abu uku suke tambaya: ruwan yana da zurfi? Yana ja? Akwai igiyar da mutum zai riƙe ya sauka? Nizar ya yi shekara ashirin yana koyar da nutso, kuma ba ya ƙarya a kan ruwa, don haka kullum sai ya faɗa musu gaskiya, su kuma su gode masa su nufi wani tsibirin. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

A bana Nashfa ta karɓi nata katin, tana da shekara goma sha tara. Ita ce ta shimfiɗa taswira a kan tabarma ta ɗora yatsa a kan Maama Giri, wato tudun kaka, wani tudun murjani a cikin lungun da iska ba ta kaiwa. Zurfinsa mita goma sha biyu, ruwansa kwance kamar na kwano. "Bappa, ga wurin sababbin hannu a bayan gidanmu, muna ta kai mutane bakin mashiga suna kuka." Baƙi huɗu daga Indiya suka ji bayanin wurin suka ce suna tafe jibi. Saura igiyar sauka kawai, ita kuwa sai an kafa mata turken ƙarfe a jikin tudun.

Zulfa 'yar masunci ce, ta ce ba ta yarda ba. "Babana bai taɓa jefa ƙugiya a can ba. In ma dole sai an sa ƙarfe, ka san yadda ake yi. A je a yi sallama, a faɗi abin da ake nufi, a ba masu wurin kwana uku su kwashe 'ya'yansu."

"Kwana uku? Baƙi jibi za su sauka. In aika musu in ce su dakata, kifaye na kwashe kaya?"

"Kai dai tunda ka rataye takardun nan a bango, kowa ya zama jahili."

Ya yi dariya. Nizar mutum ne mai doka, amma dokar da ya karanta a littafi. Ko ɗalibi ya zo daga bangon duniya, idan ya ji yana jan hanci sai ya ce, "Mai mura ba ya shiga ruwa, kunne ba shi da na canji." Dokar tsofaffi ce kawai yake ɗauka hira. Washegari da safe ya sauka da guduma, Nashfa ta riƙe masa turken, ya buga har ya nutse a cikin dutsen. Da yammar ranar ce murjani ya fara sauka a kan kwano.

Baƙin sun zo, sun riƙe igiya sun sauka lafiya, sun ga kunkuru, sun tafi suna yabo. Gidan kuwa ya shiga uku. Kullum da rana ta sunkuya sai duwatsu su fara, su yi ta zuba har a idar da sallar magariba, sannan shiru ya sauka, shirun da ya fi jifan nauyi. Ruwan rijiya ya koma na gishiri. Maƙwabta suka daina bi ta ƙofar. Nashfa ta daina magana, ta daina cin abinci sai an ɗura mata, rigarta kullum a jiƙe ko da yanzu aka canza mata. Likitan tsibiri ya duba ya ce bai ga komai ba.

Abin da ya karya zuciyar Nizar shi ne hannunta. Da an fara jifa sai ta ɗaga yatsa ta nuna kunnenta, ta shimfiɗa tafin hannu ta karkaɗa shi. Shi ya koya mata wannan alamar. Da ita mai nutso ke gaya wa abokinsa cewa kunnensa ya sami matsala. Ya sa fitila ya duba kunnuwan nata, lafiyarsu ƙalau. Kwana tara yana zaune a gabanta a ƙasan siminti mai sanyi, har mura ta kama shi ta toshe masa hanci. A rana ta tara Zulfa ta tarar da ita tsaye a ruwa har ƙirji, tana tafiya a hankali ta nufi Maama Giri. Mata uku suka taru kafin su jawo ta.

Ranar Nizar bai yi gardama ba. Ya ɗauki jirgi ya je tsibirin da ke gaba ya ɗauko Idirees Beybe, tsoho mai ilimi da ake kira idan abu ya fi ƙarfin likita. Ɗan siriri ne, ba ya son yawan magana. Ya zagaya gidan, ya ɗauki guntun murjani ɗaya ya sansana, ya dubi Nizar.

"Me ka sa a ruwa?"

"Turke ne kawai, Beybe."

"Ka yi sallama?"

Nizar ya sunkuyar da kai.

Bayan la'asar tsohon ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Nashfa, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya ajiye kwanon ruwa a gabansa ya fara karatu, murya ƙasa ƙasa, ba gaggawa. Inuwar kwakwa ta yi ta tsawo har ta haye bango. Ba dutse ko ɗaya da ya faɗo ranar. Iska ma ta ɗauke. Yana cikin Ayatul Kursiyyu karo na bakwai numfashin yarinyar ya tsaya, kanta ya ɗago, aka yi magana da bakinta. Muryar tsohuwa ce, mai kauri, kamar daga cikin tulu.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka fasa."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ta nuna da yatsa. Ita ta riƙe ƙarfen." Idanun suka juya kan Nizar, ba ƙiftawa. "Wancan ya buga. Sau arba'in da ɗaya, na ƙirga. Jikana yana barci a ƙarƙashin dutsen. Tun ranar nake kiran sunansa ba ya waiwayowa. Kakanninku suna yi mana sallama, mu kwashe yara mu ba su wuri. Me muka tsare muku?"

Zulfa ta fashe da kuka. Nizar ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"An zalunce ki," in ji Idirees Beybe. "Amma ke ma kin shiga gidan da ba naki ba. Fita."

"Zan fita da ita. Tana son ƙarƙashin ruwa, ai ku kuka koya mata. Ta zo ta yi renon yaron."

"Ba za ki same ta ba."

"To shekara bakwai, in dawo muku da ita."

"Ko kwana ɗaya." Ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa mata, ya ci gaba da karatu. Jikin Nashfa ya sandare, ta yi wata ƙara da ta sa hankaki suka watse daga kan bishiya. Ya daɗe yana yi kafin muryar ta dawo, a gajiye.

"A cire ƙarfen. Hannun da ya buga shi zai cire, ba wani ba. Kafin rana ta faɗi gobe."

"In an cire, kin bar yarinyar har abada? Rantse da wanda ya halicce ki."

"Na rantse. Yarinyar ba ruwana da ita." Sannan ta ƙara, a hankali. "Yarinyar."

"Ba ki da haƙƙi a kan kowa a gidan nan," tsohon ya ce da ƙarfi.

"Ni ba zan taɓa shi ba, malam. Ruwa ne zai yi mana hisabi."

Nashfa ta sulale a jikin uwarta. Numfashinta ya dawo irin na mutane, amma ba ta farka ba, ko da aka shafa mata ruwa. Idirees Beybe ya ce haka za ta zauna sai ƙarfen ya fita. Yana naɗe tabarmarsa ya ji Nizar ya ja hanci, ya tsaya ya dube shi.

"Mura kake yi?"

"Ta kwana huɗu."

"Ni ban san aikinku ba, ɗana. Akwai matsala?"

Nizar ya dubi 'yarsa a kwance. "Babu, Beybe."

Zulfa ta san akwai. Shekara ashirin tana jin yana faɗa wa baƙi. Da safe ta dafa masa ruwan zafi da citta ya shaƙi tururi, ya sha magani, hancin ya ƙi buɗewa. Ta ce ya jira zuwa azahar. Azahar ta yi, ta ce la'asar. Da la'asar ta wuce ita da kanta ta ɗauko masa tukunyar iska ta kai jirgi.

Ya kama igiyar da ya ɗaura wa sababbin hannu ya fara sauka. A mita uku ya toshe hanci ya hura, yadda mai nutso ke yi don nauyin ruwa kada ya danne kunne, kunnen bai buɗe ba. Ya hau kaɗan, ya sake, shiru. Da ɗalibi ne, da tuni ya nuna masa sama. Ya ɗaga kai ya ga hasken rana ya fara yin ja a saman ruwan, sai ya ja igiyar ya ci gaba. A mita shida zafin ya zama kamar ana tura masa ƙusa ta gefe biyu. A mita tara na dama ya fashe, ruwan sanyi ya shiga, tudun ya juya masa sama ta koma ƙasa. Ya rungume igiyar ya hura da duk ƙarfinsa, wani abu ya tsinke can cikin na hagu. Da lalube ya kai ga turken.

Ƙarfen da ya buga sau arba'in da ɗaya, yana kama shi ya zare kamar daga cikin laka. Ya tsaya nan a durƙushe. Abin da ya kamata ya yi kwana goma sha ɗaya da suka wuce ya yi shi yanzu, ya yi sallama a zuciyarsa, ya nemi gafara. Ba abin da ya motsa sai ƙananan kifaye.

Da aka jawo shi cikin jirgi, jini yana bin wuyansa ta gefe biyu. Ya ga bakin matuƙin yana motsi. Ya ga injin yana girgiza. Ya shigo gida ana riƙe da shi daidai lokacin da mutane ke nufar masallaci, ta haka ya gane an yi kiran salla.

Nashfa tana zaune a kan lilo, an lulluɓe ta da zane, kwanon shinkafa a cinyarta. Ta ɗago ta gan shi. Ya ga leɓɓanta sun haɗu sun rabu sau biyu, ya san kalmar, tun tana rarrafe yake jin ta. Ta sake faɗa. Ta sake, jijiyar wuyanta ta tashi. Sannan ta ga jinin, kwanon ya zame ya kife a ƙasa. Ta ɗaga hannu, ta haɗa babban yatsa da manuni, yadda ake tambayar abokin nutso ko lafiya. Nizar ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya mayar mata da irinsa.

Likitoci a Male, babban birni, sun yi iya yinsu, suka ce na dama zai riƙa tsinkayar ƙara idan an yi ta kusa, na hagu ya tafi, ruwa kuma ya yi bankwana da shi. Yanzu Nashfa ce ke amsa wa baƙi idan sun tambayi wurin da ya dace da sabon hannu, kuma takan faɗa musu gaskiya su nufi wani tsibirin, don an bar wa masu Maama Giri wurinsu. Nizar yana zama a tsakar gida da yamma yana ɗauraye mata kaya. Duwatsu sun daina sauka a kan kwanon tun daga ranar. Haka dai Zulfa take nuna masa da hannu, shi ba shi da hanyar sani.