Lissafin Rafin Jiwa

Ranar da Hansatu ta fara ganin Yamusa, tsugune yake a bayan kwamfutocin cibiyar bincike yana ɗaure wayoyi. Ta ɗauka mai gyara ne.

"Malam, ina zan sami Yamusa, mai manhajar haɗa amsa?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Kin same shi, ranki ya daɗe. Sai dai kin zo ba sanarwa, da na sa hula."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba.

A shekarar 2012 ne, Abuja ko'ina gini. Aikin digirinta na biyu hasashen ambaliyar rafin Jiwa ne. Kwamfuta goma sha shida ke yin lissafin kamar 'yan gayya, kowacce da yankinta na rafin, suna aika wa juna saƙo, a ƙarshe a haɗa amsoshinsu su zama ɗaya. Dabarar haɗawar ce Yamusa ya rubuta sau ɗaya ya ajiye, duk mai buƙata ya ɗauka.

"Kada ki wahala rubuta wata," in ji shi. "Mutum bakwai ke amfani da ita, ba wanda ya taɓa kuka."

Kafin damina ta yi nisa, saƙonnin waya sun fara tsakaninsu.

"Tauraruwata, injina sun gama aikinsu. Ni ne dai na kasa gama tunaninki."

"Oga, koma bakin aiki. Amma ka ci abinci tukuna, kada ka rame a ce ni ce."

Mahaifinta, Alhaji Datti, kayan wuta yake sayarwa a kasuwar Gudu. Da ya ji labari, cokalinsa ya tsaya.

"Me yaron yake yi?"

"Yana sa kwamfutoci su haɗa kai, Baba."

"Uwata, Nazir da ke neman aurenki gidaje yake ginawa, ina iya zuwa in taɓa bango. Wannan fa, me zan taɓa?" Ba faɗa yake yi ba, tsoro ne a muryarsa. "Ki gama karatunki lafiya, sai mu ji. In kuwa ya ɓata miki shi, kada in ƙara jin sunansa."

Saura mako uku ta kare aikinta, lissafin ya birkice. Dokta Rosemary, mai duba aikin, ta ajiye takardu biyu a gabanta.

"Jiya ruwa ya kai mita biyu, yau uku, kuma ba ki canza komai ba. Wanne kika ƙirƙira? Litinin za ki yi wa kwamiti bayani."

Hansatu ta san abin da hakan ke nufi: kora. Ta nuna wa Yamusa sakamakon. Ya daɗe yana kallon allon, fuskarsa ta sauya, ya tashi ya fita.

Kwana biyu shiru. Ta aika masa saƙo.

"Ko gaisuwa ta gagara? Ashe haka kake."

Ba amsa. Nazir kuwa har gida ya zo da sabuwar motarsa yana yi mata jaje, bakinsa na neman yin murmushi.

Ran Litinin, ana shirin rufe ƙofa, sai ga Yamusa.

"Laifina ne," ya ce wa kwamitin. "Na shaida wa kwamfutocin cewa duk wadda ta riga gamawa a fara haɗa tata. In jimla ake tarawa, ba komai. Amma rafi daga sama yake gangarowa, dole a bi jeri, na ɗaya sannan na biyu. Ni na ce Hansatu ta ɗauka ban tambayi irin aikinta ba."

Kwana biyun nan ya yi su ne yana bin ayyukan mutum bakwai ɗin. Biyu sun taɓu, ya gaya wa masu su. Nasa binciken ma, wanda zai kai shi karatu waje, ya taɓu, ya janye shi. Aka gyara, aka gwada sau biyar, amsa ɗaya.

A bakin matakala ta tare shi, idonta jajir. "Me ya hana ka amsa min?"

"Kunya, Tauraruwata. Ban so in zo miki da baki kawai ba."

"To kada ka ƙara. Ni ma a sa ni cikin jeri."

Alhaji Datti ya sa aka kira shi shago.

"An ce kai ka bi mutane kana cewa aikinka na da aibi. Wa ya kama ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Tafiyarka karatu waje fa?"

"Ta wuce."

Alhaji ya daɗe yana juya wani kwan fitila a hannunsa. "Har yanzu ban gane sana'arka ba, kuma ba na jin zan gane. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kama hannun ango da hannu biyu.

"Ita kaɗai gare ni, Yamusa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Daga cikin lulluɓi Hansatu ta ce amin, tana kuka tana murmushi.