Allurar Mayafin Inna

Akwai wata yarinya da ke zaune da iyayenta a Bron, kusa da birnin Lyon. Babanta ɗan Damagaram ne, karatu ya kawo shi Faransa. Yarinyar tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, amma ba ta son a fi ta magana.

Wata rana malamarsu, wadda suke kira Madam, ta kai su gidan adana kayan tarihi a kan tudun birnin. A cikin wani akwatin gilashi suka ga waɗansu allurai masu lanƙwasa. Duk sun yi kore saboda tsufa.

Madam ta ce, "Rumawan da suka zauna a nan ba su da maɓalli. Da waɗannan allurai suke maƙale tufafinsu a kafaɗa."

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Kakana ya taɓa haƙo irinta a gonarsa!"

Duk yara suka juya suna kallonsa. Yarinyar ta ji ba daɗi. Sai ta yi farat ta ce, "Mu ma muna da ita a gida. Tamu ta fi waɗannan tsufa."

"Madalla!" in ji Madam. "Ki kawo mana ita mako mai zuwa."

A hanyar gida ta yi ta tunanin yadda za ta yi. Ba su da tsohuwar allura. Wadda suke da ita ta Inna ce, ta tagulla, mai siffar fure. Gwaggo Safi, ƙanwar Baba, ce ta aiko da ita daga Paris. Inna ba ta sa ta sai ranar biki.

Yarinyar ta ɗauke ta a ɓoye. Ta jiƙa ta da lemon tsami da gishiri don ta zama kamar tsohuwa. Ta tusa ta cikin ƙasar tukunyar fure da ke bakin taga. Bayan 'yan kwanaki ta tono ta. Furen allurar ya yi kore, ya yi baƙi-baƙi.

Ta kai lakwal a naɗe cikin tsumma. Yara suka taru a kanta. Madam ta karɓa, ta juya bayan allurar. Ta ƙura wa wani ɗan rubutu ido. Wata yarinya ta leƙa, ta karanta da ƙarfi, "An rubuta Paris a jiki!"

Aji ya fashe da dariya. Madam ta tsawatar musu. Da aka fita hutu, ta kira yarinyar gefe.

"Ta wa ce?"

"Ta Innata ce."

"Ta san kin ɗauko?"

Yarinyar ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Madam ta ce, "To, da ita za ki fara magana, ba da ni ba."

Da ta koma gida, ta tarar da Inna tana gugar kaya. Ta buɗe tsumman a gabanta, ta faɗi komai. Inna ta ajiye dutsen guga.

"Subhanallahi! Ɗiyata, mi na yi miki? Ita zan sa ranar sunan jaririn Safi."

"Ki yi mini gafara, Inna. Zan gyara ta."

Baba ya duba allurar da kyau. Ya ce, "Gyaran nan zai yi wuya."

"Ko da wuya, Baba, ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta fara da sabulu. Koren bai motsa ba. Ta gwada ruwan zafi, shi ma a banza. Sai Inna ta miƙo mata kaskon turaren wuta, ta ce, "Gwada toka. Da ita muke wanke tasoshi a gida."

Kullum in ta dawo daga lakwal, sai ta zauna da toka da tsohon buroshin haƙori. Ƙawayenta suna kiranta wasa daga ƙasan bene, ba ta sauka. Yatsunta suka yi ja. Sau ɗaya tsinin allurar ya soke ta. Ta tsotse jinin, ta ci gaba.

Sannu a hankali ganyen furen suka fara haske ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan tabo ne kawai ya ƙi fita. Ta kai wa Inna tana sunkuyar da kai.

Inna ta maƙala ta a mayafinta, ta dubi madubi. "Ta yi. Tabon nan ba ya hana ta riƙe mayafi."

Ranar Asabar suka shiga jirgin ƙasa mai sauri zuwa Paris wajen sunan jaririn. Gidan Gwaggo Safi yana unguwar Barbès, kusa da gadar da jirgin ƙasa ke bi ta kanta. Ɗakin ya cika da mata da ƙamshin miya. Bayan an gama gaisuwa, yarinyar ta ba Gwaggo labarin da bakinta.

Gwaggo ta yi dariya. "Haba, ɗiyar yayana! Mi ya kai ki ƙarya? Mu namu zanen ba ya son allura. Zo ki gani."

Ta ɗauko zane, ta naɗa a ƙugu, ta soke bakinsa. Ta yi tsalle, zanen bai faɗi ba. Yarinyar ta gwada, nata ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Ba ta bari ba har ya zauna daram.

Ranar Litinin ta tsaya a gaban aji da zane a hannu. Ta ce, "Na yi muku ƙarya. Ku yi haƙuri. Ba mu da tsohuwar allura. Amma zan nuna muku yadda ake ɗaura zane a ƙasarmu."

Ta ɗaura, ta yi tsalle. Yara suka tafa. Kowa yana cewa a koya masa, har Madam ta karɓa ta gwada.

Yarinyar ta koma gida da murna. Ta gane cewa ƙarya kunya take jawowa, kuma ba a ɗaukar kayan wani sai da izininsa. Daga ranar, gaskiya take faɗa, ko da abin da take da shi ƙarami ne.