Fim Ɗin Auren Barira

Ranar kasuwar Magariya Fa'iza ta fara tsayawa a ƙofar ɗakin Nafi'u, da ɗan katin memwar na waya ƙulle a bakin gyalenta. An faɗa mata yana haɗa fim ɗin biki da ordinatar, wato kwamfuta, a gida, ba a shago ba.

"Sannu da aiki, Malam. Da wa kake yinsa?"

"Ni kaɗai, sai ordinatar."

"Ita ba ta da surutu?"

"Ba ta taɓa kai ƙarata ba."

Ta ɗan yi murmushi, sannan ta yi bayani. Auren farko na yayarta Barira ya mutu ne bayan hotonta a rawar mata, kai ba ɗankwali, ya fita daga wani shago ya bi wayoyi har Sassumbrum. Yanzu Barira ta sake aure a Dungas. Uwar mijin tana kwance, tana so ta ga bikin. Fa'iza ce ta ɗauka da wayarta, guntu-guntu masu nauyi, a ɓoye daga mahaifinsu, Malam Ayuba. So take a haɗa su, a matse su.

"Idan wannan ma ya fita, Barira ta gama aure," in ji ta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Amanarki tana hannuna. Amma mai gyalen ta tafi da hankalina, a dawo min da shi."

Ta amsa: "Gama aikin tukuna, Yaya Nafi'u."

Kafin sati ya zagayo ta zama Fa'izata, shi ya zama Enjiniyana. Ya tura kawunsa gaisuwa. Malam Ayuba ya saurara har ƙarshe.

"Wanda sana'arsa kallon matan mutane ba zai zauna a tabarmata ba," ya ce.

Akwai wanda ya riga Nafi'u kai gaisuwa gidan: Hambali, mai shigo da kayan waya daga Kano. Shi ya sayar wa Nafi'u tsohuwar kart grafik, wani ƙarfe mai fanka biyu da ake ƙara wa ordinatar don ta matse fim da sauri. Na'urar tana da nata ƙaramin mai sarrafa hoto da aka gina a ciki. Ba ya kai kart ɗin gudu, amma ba ya shan wuta.

Lokacin bazara ne, wuta tana zuwa tana tafiya. Duk sanda Nafi'u ya koma kan batirin rana, kart ɗin ta yi gurnani, aikin ya kai rabi, komai ya mutu. A gwaji na ƙarshe koren layuka suka cika allo, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba.

Ranar Hambali ya leƙo, ba a kira shi ba.

"Abokina, na ji tana ba ka wahala. Kawo fim ɗin shagona, babbar na'urata za ta gama kafin shayi ya tafasa."

"Wane fim?"

"Na Barira mana." Ya gyara hularsa. "Ta iya rawa. Na taɓa gani."

Da Hambali ya tafi, Nafi'u ya kwance bayan ordinatar, ya zare kart ɗin, ya naɗe ta a tsumma, ya bi shi shago ya ajiye masa a kan tebur.

An gan shi yana shiga da ƙunshi. Kafin azahar labari ya isa gidan Malam Ayuba.

Saƙon Fa'iza ya shigo: "An ce ka kai wa Hambali fim ɗin. Na faɗa wa Baba komai. Ban san abin da zan ce wa Barira ba. Kada ka sake kirana."

Bai kira ba. Ya ɗora ordinatar da batir a kabu-kabu, ya yi sallama a zauren Malam Ayuba. Tsohon bai ba shi tabarma ba.

"Baba, ga abin da na kai shago." Ya buɗe akwatin ordinatar, ya nuna ramin kart ɗin da ba komai a ciki. "Ƙarfe ne kawai, ba ya riƙe hoto. Fim ɗin yana nan, bai bar ɗakina ba sai yanzu."

"Ka kalla?"

"Na ga isowar motoci. Da kiɗan mata ya fara, na rufe. Jerin guntayen da Fa'iza ta ba ni nake bi."

Ya mayar da wayar allon kan ƙaramin mai sarrafa hoton, ya juya allon bango. Aka kira Fa'iza. Idanunta sun kumbura. Ta zauna gaban allon ita kaɗai, Nafi'u yana baya yana faɗa mata inda za ta danna.

Aikin ya tafi a hankali. Babu gurnani, babu ƙauri, sai fitilar batir da ke sauka daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Aka yi la'asar. Fitilar ta koma ja.

"Ya gama," in ji Fa'iza.

Ta kwafe a memwar, ta miƙa wa mahaifinta. Nafi'u ya sa ta goge sauran da hannunta. Malam Ayuba ya daɗe yana juya ɗan abin a tafinsa. Daga baya ya jawo tabarma da ƙafa.

"Zauna. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan girbi aka ɗaura auren Nafi'u da Fa'iza. Hambali ya zo, ya tsaya gefe da waya a ɗage tun daga fatiha har aka watse. Bai samu komai ba sai rawunan dattawa da goro.

A cikin gida Barira ce ke riƙe da kamara, ƙofa a sakaye. Malam Ayuba ya dafa kan amarya.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa na 'yar'uwarku."

Fa'iza ce ta matse fim ɗin bikinsu, a ɗakinta, kan ordinatar mai ramin da ba komai. Ya ɗauki yini guda. Ba wanda ya yi gaggawa.