Satar Babur a Waziriyya

Dela ce ta fara gani. Ranar Juma'a ce, maza ba su dawo daga masallaci ba, ta fito zaure da kwanon shinkafa za ta miƙa wa maƙwabta. Sarƙa na nan yashe a ƙasa, kwaɗo na nan a buɗe, jan babur ɗin ɗanta Mahmudu kuwa babu shi. Ta ajiye kwanon, ta ja mayafi, ta nufi ofishin 'yan sandan Waziriyya, unguwarsu a Jidda, a ƙasa, ba ta jira kowa ba.

Raƙib Abdulghaffar aka haɗa ta da shi. Saje ne haifaffen Jidda, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa daga wajen Haɗeja bai koma ba, don haka duk ƙarar da Bahaushe ya kawo a shekarar nan ta 1973 teburinsa take sauka. Ya biyo ta har gida.

Ya tsuguna ya ɗauki kwaɗon. Ba a fasa shi ba, ba alamar zarto ko ƙusa a bakinsa. Ƙofar zauren matsattsiya ce, a gefenta kuma akwai inda babur ɗin ya goga wajen fita, ya bar ɓawon fenti. Raƙib ya ɓamɓaro shi da farce. Samansa ja ne, ƙasansa shuɗi. Ya jefa shi cikin kwalin ashana.

"Khala," ya kira ta, wato inna da Larabci, "kin ji ƙarar inji?"

"Ko kaɗan, ɗana. Ina kicin, da an tayar da shi da na ji."

Sawun taya biyu ya bi rairayi har bakin lungu, daga nan ya ɓace cikin sawun mota. Turo shi aka yi, aka ɗora a bayan wanet, irin ƙaramar motar ɗaukar kayan nan.

Suna tsaye Mahmudu ya shigo, sai da ya sunkuyar da kai kafin ya wuce ƙofar. Ya dubi sarƙar, ya dubi kakin ɗan sanda, fuskarsa ta fi ɓaci da na biyun.

"Inna, me ya kai ki shurɗa?"

"Au, a yi maka sata in zauna ina kallo?"

Raƙib ya zaunar da shi kan benci. "Na sha ganin wanda aka yi wa sata. Ban saba ganin wanda ke jin haushin zuwana ba. Babur ɗin naka ne?"

"Nawa," ya ce, yana kiran Raƙib baffa da Larabci, "nawa ne, Ammi. Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Sai da uwarsa ta daka masa tsawa sannan Mahmudu ya buɗe baki. Ɗan wasan ƙwallon kwando ne. Shekara biyu yana buga wa kwalejin malamai, kuma duk Jidda babu mai kama ƙwallo a ƙarƙashin kwando kamarsa. "Fili yana cika, Ammi, ana sayar da tikiti a ƙofa. Mu kuwa in an tashi, kwalbar lemo. Daga nan har kwaleji a ƙasa nake zuwa atisaye, takalmina da waya na ɗaure shi." Sai wani Ubale ya zo. Shi ne mai nemo wa kwalejin kasuwanci 'yan wasa, a madadin Shehi Hamad, attajirin kayan gini da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar. Ya ce in Mahmudu ya koma wajensu, akwai sabuwar Besfa. Ya koma, aka kawo, da ledarta a kujera, har da sarƙa da kwaɗo kyauta.

"To ina abin tsoro?"

"Dokar hukumar wasannin kwalejoji ta hana. In aka san an ba ɗan wasa wani abu don ya sauya ƙungiya, shi ke nan, an kore shi daga gasa. Kuma Shehi Hamad shi ne kafilin babana, mai tsaya masa a ƙasar nan. Iƙamarmu, takardar zamanmu, a hannunsa take."

Dela ta dafe ƙirji. Ba ta san da wannan doka ba.

"Yaushe aka rufe lokacin sauya ƙungiya na bana?"

"Shekaranjiya."

"Makullin kwaɗon nawa aka ba ka?"

"Ɗaya." Ya zaro shi daga aljihu.

Da aka tambayi Dela wa take zargi, mutum biyu ta kawo. Ustaz Haladu, mai horar da 'yan wasan kwalejin malamai, wanda ya zo har ƙofar gida ya yi ta faɗa ran da Mahmudu ya bar su. Sai wani gajeren saurayi da ta gani fiye da sau ɗaya yana kewaya babur ɗin yana shafa shi.

"Husaini ne," in ji Mahmudu. "Tare muke wasa yanzu."

Washegari Raƙib ya sami Ustaz Haladu a filin kwalejin malamai, a kan tsani, yana ɗinke ragar kwando da igiyar kamun kifi.

"An ce ka yi faɗa a gidan su Mahmudu."

"Na yi, kuma zan sake. Ni na koya masa riƙe ƙwallo."

"Jiya lokacin Juma'a kana ina?"

"Aziziyya, na kai surukina masallaci, ba ya gani sosai. Ka je ka tambaye shi, zai riƙe ka da labari har la'asar." Ya sauko daga tsanin. "Ya Raƙib, ka duba mana. Da ina son cutar da Mahmudu, hukuma zan je in ce ga babur can a zaurensu. Shi ne shaidata. Mahaukaci ne ni da zan ɓatar da ita?"

"Me ya hana ka zuwa?"

Haladu ya goge zufa da gefen hularsa. "Da wane baki? Ni abincin rana ma na kasa sama musu. Duk shekara sai sun ɗauke mini wanda ya fi kowa. Bara Husaini, bana Mahmudu. Haushi nake ji, amma ba na ganin laifin samarin."

Surukin ya tabbatar da maganar, ya kuma riƙe Raƙib har la'asar.

Husaini kuwa a shagon shayi ya same shi, kusa da kwalejin kasuwanci. Gajere ne, idonsa kamar na mai jiran a jefo masa wani abu.

"Me kake nema a jikin babur ɗin Mahmudu?"

"Kallo kawai."

"Mai kallo ba ya dawowa ya shafa."

Husaini ya juya kofinsa. "Wallahi in na faɗa za ka ce na zare. Hon ɗinsa na ji. Ran da Mahmudu ya fara zuwa da shi atisaye ya danna, sai na ji wata dusasshiyar murya kamar ta zakara mai mura. Nawa haka yake yi."

"Kana da babur?"

"Na taɓa yi. Ubale ya kawo mini bara. Shuɗi."

Raƙib bai taɓa kwalin ashanar da ke aljihunsa ba. "Ina yake?"

"An sace. Ana rufe sauya ƙungiya, a satin. Na gaya wa Ubale, ya ce kul na je shurɗa, kora ta za a yi. Na haƙura."

"Da kwaɗo ya kawo maka?"

"Da sarƙa ma. Ɓarawon sai da ya haɗa da su ya tafi. Makullin dai na nan, na kasa yarwa." Ya ciro shi daga cikin makullan gidansu ya miƙa.

Raƙib ya fito da kwaɗon da ya ɗauko daga zauren Dela, ya datse shi, ya zura makullin Husaini. Ya buɗe.

Husaini ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"Zauna. Ka san makullin nan kaɗai ya isa in kwana da kai a ofis?"

"Ammi, sahu ɗaya muka yi sallah da Mahmudu, kafaɗata na jikin haƙarƙarinsa. Tare muka fito."

Mahmudu ya ce haka aka yi. Raƙib ma bai yi tsammanin wanin haka ba, don ɓarawo ba ya zaro makullin da zai kama shi ya miƙa wa ɗan sanda da hannunsa.

Ofishin Shehi Hamad na kallon tashar jiragen ruwa, ta taga ana hango buhunan siminti ana saukewa. Ya sa aka kawo gahawa, ya ce bai san wani babur ba.

"Tayyib," in ji Raƙib. "Dokar wasa ba aikina ba ce, ya Shehi. Sata nake bincike. Tambaya ɗaya ce. Sabo kake saya wa kowane ɗan wasa, ko na hannu?"

Abin ya taɓa Hamad. "Na hannu? Ni? Kowane ɗaya kuɗin sabo dal nake ba Ubale, daga kanti."

"Ka taɓa zuwa kantin da shi?"

Hamad ya ajiye kofi a hankali.

"Wa za a kai wa babur nan gaba?"

"Wani ɗan sakandare a Aziziyya, zai gama bana. Talata bayan la'asar za a kai masa." Ya dubi Raƙib. "Uban Mahmudun nan a ƙarƙashina yake aiki. Ya kamata a ce iyalinsa sun san inda ake kai magana."

"Matarsa ta ga an shiga gidanta da rana tsaka, ta kira hukuma. Da gidanka ne, da haka za ka so a yi. Ina fata in na wuce tasha wata mai zuwa zan same shi a bakin aikinsa."

Hamad ya juya ya kalli taga. "Za ka same shi," ya ce. "Talata kuma da ni za a je."

Ran Talata wanet fara ta tsaya a ƙofar wani gida a Aziziyya. Ubale ya fito, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, ya sa aka sauko da koriyar Besfa, leda a kujera, sabuwar sarƙa a rataye. Yana cikin yi wa uban saurayin bayanin yadda ake tayar da ita ya ga Raƙib da Hamad da Husaini da Mahmudu sun fito daga shagon da ke kallon gidan.

"Ammi Hamad! Ai da ka faɗa mini za ka zo..."

"Husaini," in ji Raƙib, "danna mana hon."

Husaini ya danna. Muryar ta fito a dushe, har uban saurayin ya yi dariya bai san dalili ba.

Raƙib ya shafa gefen babur ɗin har yatsansa ya sami inda ya ɗan lotsa. Ya kankare wurin da bakin makulli. Kore ya tashi, ja ya bayyana. Ya ƙara kankarewa, shuɗi ya fito. Ya buɗe kwalin ashana ya ɗora ɓawon fentin a wurin, ya zauna daidai.

"Babura da yawa suna kama da juna," in ji Ubale.

"Suna yi. Bari in gaya maka yadda na zo nan. Kwaɗon da ke zauren ba a fasa shi ba, da makulli aka buɗe. Kwaɗo da makulli fiye da ɗaya ake sayar da shi, Mahmudu kuwa ɗaya aka ba shi, saura na hannun wanda ya kawo. Sabon babur ba ya da wani fenti a ƙarƙashin nasa, wannan yana da shi, kuma kalar na Husaini ce. Bara ka haɗa da kwaɗon ka tafi, ka sake ba Mahmudu shi. Bana ka yi sauri, liman ya kusa sallamewa, ka bar shi a ƙasa, ka kuma goga babur ɗin a ƙofa. Duka biyun sai da aka rufe sauya ƙungiya aka yi satar, lokacin da ɗan wasa ba shi da hanyar komawa inda ya fito. Ɓarawon titi bai san wannan ranar ba. Kai ka sani, ka kuma san ba wanda zai kai ƙara, tunda kai ne ke gaya musu kada su kai. Babur ɗaya ka saya, Shehi yana biyan na sabo duk shekara. Abin da ba ka sa a lissafi ba shi ne uwar Mahmudu ba ta san dokar ƙwallon kwando ba."

Ubale ya juya ga Hamad. Hamad ya kau da kai.

"Yalla," in ji Raƙib, ya buɗe masa ƙofar motar 'yan sanda.

Maganar ba ta ɓoyu ba. Mahmudu da Husaini ba su jira a kira su ba, suka je gaban hukumar wasannin da ƙafarsu suka faɗi abin da aka ba su, da abin da ya sa suka karɓa. Ustaz Haladu ya bi su, ya juye buhun takalman 'yan wasansa a kan teburin shugaban. An dakatar da samarin biyu rabin gasa. A zaman nan kuma aka yanke cewa kowace kwaleji za ta ba 'yan wasanta takalmi da abinci da abin hawa daga kuɗin tikiti, a fili, kowa daidai da kowa, mai son taimakawa kuma ya taimaki gasar gaba ɗaya. Hamad, da kunya ta ishe shi, ya sayi bas mai ɗaukar 'yan wasan duk kwalejojin.

Wasan farko da Mahmudu ya dawo, da tsohuwar ƙungiyarsa aka haɗa su. Raƙib Abdulghaffar ya sayi tikiti ya zauna bayan bencin kwalejin malamai, bai taɓa kallon wasan ba, yana ta tambayar na kusa da shi me ya sa aka busa usur. Ana dab da tashi aka yi wa Mahmudu ƙeta, aka ba shi jifa. Ya tsaya a kan layi yana dunƙule kafaɗa.

Ustaz Haladu ya zabura daga benci. "Saki kafaɗar, ya walad! Gwiwar hannu ciki!"

Mahmudu ya saki kafaɗa, ya jefa, ƙwallo ta shige ba ta taɓa ƙarfe ba. Haladu ya yi ta tafi shi kaɗai, sai da ya juyo ya ga 'yan wasansa duka sun zuba masa ido.

"To me kuke kallo?" ya ce. "Haka ake yi. Ku koya."