Kiyashi a Tayar Baya

Da hantsi rahoto ya iso kwamisariya, ofishin 'yan sandan Madarumfa: mota ta bi ta kan amalanken jaki a hanyar Safo, mai amalanken ya rasu.

Insifekta Ashiru bai ƙarasa shayinsa ba. A wurin hatsarin ya tarar da direban, Zakari, zaune a ƙasa da ankwa a hannu. In ganganci ne, a gidan kaso zai tsufa.

"Wallahi na taka birki, ranka ya daɗe. Ƙafata ta tafi har ƙasa, ba abin da ya riƙe."

"Wa ya sayar maka da motar?"

"Ɗan Baba dillali, shekaranjiya. Shanun nomana na kai kasuwa saboda ita."

Ashiru ya zagaya motar, ya sake zagayawa, ya leƙa ƙasanta ya ga tiyon birki ɗaure da ƙyalle. Kiyashi sun yi layi suna hawa tayar baya, inda wani mai ke ɗiga. Ya dangwala, ya shinshina. Ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Ya wuce garejin Adamu makanike, wanda ya saba duba motocin dillalin.

"Ban taɓa ganin motar nan ba," in ji Adamu.

"To ƙyallen da aka ɗaure tiyon birki da shi fa? Ga sauransa rataye a kafaɗarka."

Adamu ya dubi kafaɗarsa.

"Na gaya wa Ɗan Baba tiyon ya tsage, a sayo sabo a Maradi. Ya ce in ɗaure kawai. Amma mai, ban zuba ba."

A ƙofar gida Ashiru ya sami Ɗan Baba, ana suyar gyaɗa daga ciki.

"Motata lafiya lau ta bar hannuna. Mun tafa, na ce albarka, ciniki ya faɗa. Abin da ya biyo baya ƙaddara ce."

"Ko sa ka sayar, sai ka faɗi aibinsa. Doka ma haka ta ce: wanda ya san aibi ya ɓoye, ciniki ya warware, ɓarnar kuma tasa ce. Wane mai ka zuba a birki?"

"Na kanti."

"Tun yaushe kiyashi ke bin na kanti?"

Muryar matarsa ta fito daga bayan zana: "Malam, ka maido mini kwalbar man nan da ka ɗauka, masu saye na jira."

Ɗan Baba ya zauna a dakali.

"Man ya tsiyaye ana gobe ciniki. Na ga na gyaɗa ma mai ne. Na ɗauka zai kai shi mako."

"Ya kai shi Safo."

A kwamisariya aka cire ankwa daga hannun Zakari, aka maƙala wa Ɗan Baba.

"Za a tilasta masa ya maido maka haƙƙinka," in ji Ashiru. "Tafi gida."

Zakari bai motsa ba.

"Ranka ya daɗe, ina ne gidan mamacin?"