Matar da Ba Ta Juyowa

Duhun magariba ya rufa, dusar ƙanƙara na sauka a kan garin Gabrovo, lokacin da Nevena ta tura ƙofar gidan da aka haife ta. Tun rasuwar mahaifinta, mai zane Lyuben, aka mai da shi gidan nuna zane-zanensa.

"Sai yanzu, 'yar gida? Ina shirin kullewa," in ji Radka mai gadi, tana miƙo mata silifas ɗin tsumma da baƙi ke sawa don kada su ɓata daɓe. "Hau da sauri, ba kowa a sama."

A kowane bango zanen mace ɗaya ne, mahaifiyarta, ko a bakin taga ko a gaban murhu, kullum ta juya baya. Ta rasu Nevena tana jaririya, ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Har furfura ta fito wa Nevena tana zuwa neman fuskar nan.

A ɗakin ƙarshe ta ji warin ɗanyen fenti. Wata mace na tsaye ba takalmi, ta ba ta baya. Da ta gyara tsayuwa, katakon daɓen da ke yin ƙara in kowa ya taka bai yi ko ƙis ba. A ƙeyarta akwai ɗan baƙin tabo, irin na matar cikin zane-zanen.

"Kin girma," in ji matar, muryarta kamar daga cikin bango.

Nevena ta matso kusa. "Mama, don Allah ki juyo. Sau ɗaya kawai."

Matar ba ta juyo ba.

"Da me zan juyo, 'yata? Mahaifinki bai taɓa zana mini fuska ba."