Wa Ya Taɓa Wayar Kuloci?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son gyare-gyare. Ba ta ganin abu a karkace ta wuce. In ƙafar kujera na rawa, ita ce. In marfin kwaba ya kwance, ita ce. Ƙannenta har Injiniya suke kiranta, ita kuwa kanta sai ƙara fashewa yake yi.

Sana'ar Abbanta kai ƙwai shaguna a kan babur. Kowace safiya ita ke goge babur ɗin kafin ta tafi makaranta.

Wata rana da yamma Abba ya kai babur wurin wani tsohon bakanike mai rumfa a bakin titi. Shekara ashirin ke nan shi ke duba masa shi. Tsohon ya sa sabuwar wayar kuloci, ya saita ta.

Washegari yarinyar na cikin goge-goge, sai ta taɓa hannun kuloci. Shi ne ƙarfen da ake matsawa da hannun hagu kafin a sa giya. Ta ji yana ɗan sako-sako kafin ya kama.

Ta ce a ranta, "Tsufa ke nan. Ya manta bai ɗaure ba."

A gindin ƙarfen akwai wani ɗan noti, inda waya ta shiga. Ta yi ta murza shi har wayar ta miƙe tam kamar igiyar shanya. Ba ta gaya wa kowa ba. So take Abba ya ji bambanci da kansa, ya tambayi wane gwani ne.

Abba ya ɗaura kiret takwas na ƙwai, ya fita. Ita ma ta ɗauki jakarta.

Da ta dawo daga makaranta ba ta tarar da Umma ba. Maƙwabciyarsu ce zaune da ƙannenta, sun yi tsuru-tsuru.

Matar ta ce, "Ajiye jakar mu tafi. Abbanku na asibiti."

Suka same shi a kwance, an naɗe ƙafarsa ta dama tun daga gwiwa har idon sawu. Umma na gefe, idonta ya yi ja. Baffa, ƙanen Abba, yana tsaye yana huci.

Abba ya ce a hankali, "A hawan nan na bayan kasuwa ne. Inji na ta kuka, babur ya ƙi gaba. Na ji ƙauri. Kafin in ankara ya fara komawa da baya. Kaya ga nauyi, sai ya kayar da ni, ya danne ƙafar."

Baffa ya ce, "Waɗanda suka ɗauko babur sun duba. An ɗaure wayar kuloci tamau. Wa ya sa ta jiya? Tsohon nan ne. Na daɗe ina cewa idonsa ya tafi."

Yarinyar ta tuna notin da ta murza. Sai hawaye. Umma ta jawo ta jikinta, ta zaci tausayi ne kawai.

A ranar Baffa ya je rumfar tsohon, ya zazzage masa a gaban jama'a. Magana kuwa ba ta da birki. Kafin kwana uku kowa ya ji. Masu babur suka riƙa zuwa suna janye nasu, wani ma ba a gama haɗa shi ba.

Yarinyar ta daina cin abinci. A aji malama ta kira ta sau biyu ba ta ji ba. Tsoro take ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Rana ta huɗu ta biyo ta bakin titi. Ta hango tsohon shi kaɗai a kan benci. Ya jera sifanoninsa a kan buhu, yana goge su ɗaya bayan ɗaya, alhali ba su yi aikin komai ba. Wani mai babur ya rage gudu zai tsaya. Sai aka ce masa daga tsallake, "Wuce, malam. Shi ya karya mai ƙwai." Mutumin ya wuce.

Tsohon ya ɗago kai ya gan ta.

"Jikata, zo mana. Yaya jikin abbanki? Na je dubiya, baffanki ya hana ni shiga."

"Da sauƙi, Baba."

Ya ce, "Na yi tunani har na gaji. Na san na bar wa wayar nan sarari. To amma wa ya sani? Wataƙila da gaske na tsufa. Gobe zan kwashe kayana, kada in kashe wani."

Ta durƙusa a kan ƙasar da ta sha baƙin mai.

"Baba, ba kai ba ne. Ni ce. Na ji yana sako-sako, na zaci ka manta, sai na ɗaure."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya tashi ya je wurin nasa tsohon babur, ya ce ta matso ta taɓa hannun kulocin.

"Kin ji wannan ɗan motsin? Da gangan ake barinsa, kamar kaurin tsinken ashana. In babu shi, tamkar an matsa kuloci ne ba a saki ba. Farantan da ke cikin inji ba za su kama juna sosai ba. Sai su yi ta sulɓewa, su yi zafi, su ƙone."

Ta ce cikin kuka, "Gyara na yi niyya."

"Na sani. Garin neman gira aka rasa ido. To, ni na ji. Saura abbanki."

Tare suka tafi asibiti. Baffa ya taso zai tare ƙofa, yarinyar ta sha gabansa. Ta faɗi komai. Umma ta dafe kai. Baffa ya rasa inda zai sa idonsa.

Abba ya ce, "Matso nan, uwata." Ya riƙe hannunta. "Ƙafata da rashin sani kika karya ta, na yafe. Amma kwana huɗun da kika yi shiru ana zagin dattijon nan, da saninki kika yi. Wannan shi za ki roƙa."

Tsohon ya ce, "Ai na yafe tun a hanya."

Abba ya dubi ƙanensa. "Kai kuma a gaban mutane ka ɓata shi. A gaban mutane za ka wanke shi."

Washegari da safe Baffa ya tsaya a bakin rumfar. Ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga ranar farko, ya ba tsohon haƙuri. Yarinyar na gefensa da kayan makaranta. Da bakinta ta gaya wa jama'a abin da ta yi. Wasu suka girgiza kai, wasu suka sunkuyar da nasu.

Ba a watse ba sai ga wani ya turo babur ɗinsa cikin rumfar, ya ce, "Baba, duba mini birki." Wani ya biyo bayansa. Tsohon ya naɗe hannun riga, yana ta murmushi.

Bayan mako shida Abba ya taka ƙafarsa, ya koma aiki.

Tun daga nan yarinyar ta riƙe abu biyu. Abin da ba ka sani ba, tambaya kafin ka taɓa. In kuma ka yi kuskure, faɗa da wuri, kada wani ya ɗauki laifin da ba nasa ba.